Ranar Da Aka Zo Ɗaukar Rakiya

Shafi na 17

Masu cika min waya da saƙo tun jiya, na gani, ba share ku na yi ba, caji ne ya gagara. Wadda ta ce Hajiya Salmatu ta fiye taurin kai kuma, ta gyara zama, yau za ta ƙara jin haushinta.

*

Hajiya Salmatu ko sallayar azahar ba ta naɗe ba ta ji ana dukan ƙofar gida kamar za a ɓalle ta.

Ƙofar nan ba a yi mata irin wannan bugun. Duk unguwar an san gidan masu lalurar ƙwaƙwalwa ne, mata bakwai take riƙe da su tun da ta ajiye aikin jinya a asibiti, kuma ko mai tallan gyaɗa ya zo a hankali yake ƙwanƙwasawa, saboda akwai Fati, wadda ƙara kaɗan ke sa ta shige ƙarƙashin gado ta wuni a can. Ga shi yau Lahadi, kasuwar Jibiya na ci, maigadi ya tafi auno hatsi.

Ta ja hijabinta ta fita zaure, ta buɗe ƙofar kaɗan.

Saurayin nan ne na safe. Wanda ta kora.

Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, idanunsa sun yi ja, yana haki kamar wanda ya yi tsere da babur.

"Hajiya, ina Inna?"

Da safen nan ya zo, ya ce sunansa Mu'azu, daga Maraɗi yake, lodin kamiyo yake yi, wato manyan motocin nan na hatsi. Ya ce cigiyar da aka yi a rediyo ya ji, kuma Rakiya uwarsa ce.

Rakiya kuwa, shekara uku ke nan da aka tsinto ta a bakin tasha, ba takalmi, ba mayafi, ƙafarta na zubar da ruwa, ko sunanta ba ta sani ba. Hajiya ta wanke ciwon, ta kai ta wurin likita, ta tsaya a kan maganinta safe da yamma, har Allah ya sa ta dawo mutum. Yanzu ita ke dama furar gidan, ita ke yi wa sauran kitso. Da ta fara tuna cewa ita mutuniyar wani ƙauye ce a bayan Madarumfa, sai Hajiya ta ba da cigiya, tunda rediyon nan ana jin sa har tsallaken iyaka.

To amma gidan Hajiya Salmatu yana da doka guda, wadda ko gwamna ya zo ba ta karya ta. Ba ta ba da mace ga kowa sai ita matar ta dube shi ta faɗi sunansa da bakinta. Ba haka kawai ta kafa ta ba. An taɓa yi mata sakiyar da ba ta manta ba: wani ya zo da babbar riga da hawaye ya ce shi mijin Khadijatu ne, ɗaya daga cikin matan gidan, ta ba shi ita, bayan wata biyu aka gan ta a bakin wani masallaci a birni, an zaunar da ita da kwano ana bara da ita. Tun daga ranar Hajiya ta ce ba a ƙara yi mata kuka ta yarda.

Shi ya sa da safe ta fito da Rakiya zaure. Rakiya ta yi wa saurayin kallo ɗaya, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya ta fuskanci bango. Aka ce kin san shi? Shiru. Aka ce wane ne? Ta ce wani yaro ne, ta shige ciki da sauri. Hajiya ba ta tsaya jin bayani ba, ta sa maigadi ya tura shi waje, yana ta "ki tsaya ki ji", ta ce ta ji irinsu sun fi a ƙirga.

Yanzu ga shi ya dawo.

"Ba na ce kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar nan ba?" in ji Hajiya. "Ka makara. Ɗan'uwanta na gaskiya ya zo ya tafi da ita."

Ya dafa ƙofar, ya sulale ya zauna a dandaryar ƙasa.

"Maɗugu?"

Ita dai ta san ba ta faɗa masa sunan ba.

"Dogo, mai hurhura, da tasbaha mai jan tuntu?" ya ce. "Hajiya, Baba Maɗugu kinka ba Inna?"

Shi ne, ba ko tantama. Dattijo mai kamala, ya zo da hantsi da sallamarsa da ledar dabino, ya ce shi ƙanen marigayi mijin Rakiya ne. Ya faɗi sunan mijin, ya faɗi sunayen 'ya'yanta mata biyu, duk daidai da abin da Rakiya ta saba faɗa. Da aka fito da ita kuwa, tun kafin a tambaye ta ta durƙusa ta ce, Maɗugu, kai ne? Hajiya har da hamdala. Ta ba shi labarin saurayin safe, ya girgiza kai ya ce ai zamani ya lalace, Allah ya yi mata albarka da ta kore shi. Ta ƙulla maganin wata guda a leda, ta yi masa bayanin yadda ake sha, ta rako su har bakin titi. Ta ga hannun Rakiya na rawa, ta ce a ranta ai maganin ne, yakan sa haka.

Ta dake ta ce, "Ta faɗi sunansa. Kai kuwa ta juya maka baya."

"To mi kike so ta yi?" in ji Mu'azu. "Ni ne ɗanta na hwari."

Bai jira ta yi magana ba ya ci gaba.

"Tun da ta haihe ni ba ta taɓa hwaɗin sunana ba. Wancan yaron, haka take ce mani. Ko tuwo za ta ba ni sai ta aje ta kau da kai. Shi kau Maɗugu ƙanen miji ne, abokin wasanta, mi zai hana ta kiran shi?"

"Ta ce min 'ya'yanta biyu, duk mata."

"Ni ba ta ƙidaya ni. Wa ke ƙidaya ɗan hwari gaban mutane?"

Wayyo Hajiya Salmatu. Mace ta haura sittin, haifaffiyar Daddara, a ce wannan ya wuce ta? Ita kanta 'yar fari ce. Uwarta har ta koma ga Allah ba ta taɓa cewa Salmatu ba, sai dai ke yarinyar nan, in baƙi suka tambaya kuma ta ce 'yar gidan nan ce. Kunyar ɗan fari abu ne da ta tashi a cikinsa, ta sha kuka a kansa tana ƙarama. Amma tsoron kada a maimaita mata abin Khadijatu ya rufe mata ido, ta ga uwa tana jin kunyar ɗanta ta ɗauka tsoronsa take ji.

Duk da haka zuciyarta ta nemi wurin laɓewa. Ta ce kowa ma zai iya zuwa ya ce shi ɗan fari ne.

Mu'azu ya ɗago kai. Ya ce a idon sawun Rakiya na hagu akwai tabo da ya zagaye ƙafar, ta bayan kuma akwai wata 'yar tsaga a karkace. Zagayen na mari ne, ƙarfen da ake ɗaure masu taɓin hankali da shi. Tsagar kuma shi ya yi mata, garin yanke ƙarfen da zarto, hannunsa ya goce. Ya ce bayan rasuwar babansu ciwon ya kama ta, Maɗugu ya kai ta wurin wani mai magani a daji, aka ɗaure ta a turke ana dukanta wai ana fitar da iska. Shi yana kan hanya da kamiyo, sai da ya dawo ya tarar. Ya yanke marin, ya zaunar da ita gindin wata bishiya ya je nemo babur, kafin ya dawo ta bi daji. Tun ranar yake nemanta tasha-tasha.

Hajiya ta san tsagar nan. Da hannunta ta ɗinke ta.

"Ina zai kai ta?" ta tambaya, muryarta can ƙasa.

"Inda ya kai ta da hwarko. Yanzu a kasuwa na gamu da wata 'yar garinmu, ita ta ce mani ya shigo Jibiya. Ta ce tun da anka yi cigiyar nan yake hwaɗa, wai an tona asirin gidansu a rediyo, matar wansa a gidan mahaukata. Ya rantse wannan karon ba mai kwance ta."

Hajiya ba ta san lokacin da ta zura takalmi ba, ashe ma wari da wari ta saka. Ta ƙwala wa Hafsat mai girki kira, ta ce ta rufe gida, ta kula da Fati, kada ta buɗe wa kowa. Rabonta da hawa babur tun da gwiwa ta fara damunta, amma yau ita ce a bakin titi tana ɗaga wa ɗan kabu-kabu hannu biyu. Ta hau ɗaya, Mu'azu ya hau ɗaya, ta ce Magama, tashar motocin Maraɗi, kuma kada ya ji tausayin tsufanta.

Hanyar kuwa ranar kasuwa sai wanda ya gani. Motocin gero sun yi layi, ga shanu ana kora, ga masu babura da jarkokin fetur an ɗaure su har sun fi mai tuƙin tsawo. Ko'ina suka kutsa sai an tsaya. Hajiya tana riƙe da ƙarfen bayan babur tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, wata ma a tsakiya take yankewa ta kama wata. Abu ɗaya ke yi mata yawo a kai: in motar da Maɗugu ya saka Rakiya ta wuce shingen iyaka, shi ke nan. Can wata ƙasa ce, ba ta da takarda, ba ta san kowa ba, ba ta ma san sunan dajin ba. Kuma Rakiya in ta yi mako ba magani, komai zai dawo sabo. Matar da jiya-jiyan nan take tsokanar Hafsat wai miyarta ba gishiri.

Suna shiga tasha idonta ya fara sauka a kan ledar. Baƙar leda ce mai ƙulli biyu, irin ƙullinta, tana yashe a cikin kwata, ruwan wanke-wanken mai shayi na bi ta kanta.

Ta ɗaga ido. Wata tsohuwar Fijo ce a gaba, an labta mata buhuna har bayanta ya zauna, direba na ɗaure kaya da igiya. A kujerar baya, jikin taga, ga Rakiya. Ta ƙura wa bayan kujerar gabanta ido, ba ta ko ƙiftawa. Maɗugu na gefenta, jaka a kan cinyarsa, yana jan tasbaha.

Hajiya ta dira daga babur ta kama murfin motar.

"Malam Maɗugu, fito min da ita. Na yi kuskure."

Ko gezau bai yi ba. Ya gaishe ta kamar sun haɗu a gidan suna, ya ce Hajiya lafiya dai, ko an manta wani abu ne? Ta ce maganin da ta ba shi me yake yi a kwata? Ya ce ai faɗuwa ya yi, kuma su can suna da nasu maganin.

Nan da nan mutane suka taru. 'Yan kamasho, masu canji, masu sayar da rake, kowa ya baro abin da yake yi. Aka kira Alhaji Arzika, shugaban direbobin tashar, wani kakkauran mutum mai ɗan tawul a kafaɗa. Ya ce a yi masa bayani ɗaya bayan ɗaya, ba ya son hayaniya a tasharsa.

Hajiya ta yi nata. Mu'azu ya yi nasa. Sannan Maɗugu ya leƙo ta taga, a natse, ya ce shi wannan saurayin bai san shi ba. Ɗan wansa na fari ya tafi Libiya ya fi shekara biyar, ko labarinsa ba a ji.

"Baba," in ji Mu'azu, "ni kake cewa ba ka sani ba?"

Maɗugu bai ko dube shi ba. Ya juya wurin Hajiya.

"Hajiya, tsakaninki da Allah. Da sahe wannan bai zo gidanki ba?"

"Ya zo."

"Wa ya kore shi?"

"Ni."

"Da na zo, wa ta kira da suna?"

Ta ce, "Kai."

"To jama'a kun ji."

Aka fara gunaguni. Hajiya ta ce ai kunyar ɗan fari ce, kowa a nan ya san ta. Alhaji Arzika ya gyaɗa kai ya ce ya sani, shi ma tsohuwarsa har yau yayansu ba ta kama sunansa. Amma fa ba duk wanda mace ta juya wa baya zai zama ɗan fari ba. Ya ce ba sai ta faɗi suna ba, shi ya sauƙaƙa. In ta ce ɗana ne kawai, ko ta buɗe mota ta fito da ƙafarta, shi kuma ya yi alkawari ba mai mayar da ita.

Hajiya ta zagaya ta tagar Rakiya, ta sunkuya har gwiwarta na ƙara.

"Rakiya, ni ce. Dube ni."

Idon ya motsa kaɗan.

"Ni na yi laifi, ba ke ba. Buɗe ki fito mu koma gida. Fura na can ba wanda ya dama."

Hannun Rakiya ya taso a hankali, ya nufi mabuɗin ƙofar.

Sai Maɗugu ya gyara zaman jakar da ke cinyarsa. Wani abu ya yi ƙara a ciki, ƙarfe a kan ƙarfe, ƙara kaɗan wadda in ba kana kusa ba ba za ka ji ba.

Hannun ya koma cinya. Jikin Rakiya ya sandare gaba ɗaya.

Hajiya ta san wannan sandarewar. Saboda ita ta sa aka cire sarƙar gugan rijiyar gidan aka sa igiya. Ta miƙe ta ce mari ne a jakar nan, a buɗe a gani. Mu'azu ma ya ce a buɗe. Maɗugu ya yi salati, ya ce yau shi za a yi wa binciken jaka a bainar jama'a kamar ɓarawo, da furfurarsa? Wasu dattawa suka ce gaskiya bai dace ba. Alhaji Arzika ya ce shi ba ɗan duwan ba ne, wato kwastan, ba ya buɗe kayan fasinja.

Ya matso da kansa, ya rage murya.

"Baiwar Allah, wancan saurayin ɗanki ne?"

Maza sun fi talatin sun zuba mata ido. Ga ɗanta tsaye a gabanta, ga jaka a gefenta. Rakiya ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Da ƙyar aka ji abin da ta ce.

"Ku ce ma yaron nan ya tahi gida. Rana ta yi zahi."

Hajiya ta ji hawaye ya zubo mata. Ita ta ji uwa a cikin maganar nan, tsaf ta ji ta. Amma tasha ba ta ji komai ba sai kora.

Fasinjoji suka fara mita, wata mai goyo ta ce su fa yamma na yi musu, a gaba akwai shingaye, in an rufe wa zai kwana da su a hanya? Hajiya ta ce a jira ta kira 'yan sanda. Alhaji Arzika ya share wuya da tawul, ya ce ta je ta kira, ba wanda ya hana ta, amma shi ba shi da hurumin riƙe motar mutane a kan maganar da mai ita ba ta tabbatar ba. Ya buga bayan motar sau biyu.

Direba ya tayar.

Hajiya ta riƙe tagar tana bin motar, tana Rakiya, Rakiya, har takalmi ɗaya ya fice, wani ya janye ta kada taya ta taka ta. Motar ta fita ƙofar tasha ta hau kwalta. Shingen yana nan gaba kaɗan, ana hango shi, igiya ce a miƙe tsakanin durom biyu, motar da ke gabansu ma har an sauke mata ta wuce.

Mu'azu ya ture mutanen da ke gabansa ya bi ta da gudu. Ya cim mata, ya kama igiyar da aka ɗaure buhuna da ita, ya rataya. Direba bai gan shi ba, ya ƙara wuta. Ƙafafunsa suka fara jan ƙasa, silifa suka tashi, kwalta ta fara cin gwiwoyinsa, shi kuwa ya ƙi saki. Mutane suka ɗauki ihu a tsaya, a tsaya, ƙarar salansar Fijo ta danne su.

Sai ga kan Rakiya ya fito ta taga, ba mayafi. Ta waiwaya ta ga abin da ke jan ƙasa a bayan motar.

Muryar da ta fito daga bakinta, Hajiya ba ta taɓa jin irinta ba a shekara ukun nan.

"Mu'azu! Saki, za ka mutu! Mu'azu, ɗana!"

Alhaji Arzika ya saki tawul ɗinsa ya faɗi ƙasa.

Mu'azu ya ɗago kai yana kallonta, baki buɗe. Bai taɓa jin yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba. Hannunsa ya saki igiyar, ya mirgina a kan kwalta.

Wani hannu mai tasbaha ya fito ta tagar ya ja kan Rakiya ciki.

A can gaba kuma, mai tsaron shingen ya riga ya sauke igiya.